Ido yana gani, hannu yana kuskure: muhawara a kan ƙwaƙwalwa, aiki da ji

Malamin Firamare, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure, ina neman ku ba ni aron hankalinku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Wata huɗu ke nan da mahaifinmu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a ɓangaren dama, kuma likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Alhamdu lillahi magana ta dawo, ƙafa ma tana kai shi masallacin ƙofar gida idan ya dogara sanda. Hannun ne ya ɗaure mini kai. Ƙarfi yana nan, domin idan na ba shi yatsuna biyu ya damƙe, sai na ji zafi. Idonsa ma garau yake, yana gane mai tahowa tun daga bakin rijiya. Amma idan aka ajiye masa ƙwaryar koko, ya zuba wa ludayi ido, ya miƙa hannu, sai hannun ya wuce ludayin ko ya bangaji bakin ƙwaryar. In ya dace ya kama, to muddin yana kallon hannun yana riƙe da shi, da zarar an yi sallama ya waiwaya, ludayin ya suɓuce bai sani ba. Shekaranjiya da dare na ji yana laluben shimfiɗa da hagunsa, na tambaye shi abin da ya ɓace, ya ce hannunsa yake nema, alhali kuwa ya danne shi da haƙarƙarinsa.

Wannan fa mutum ne da ya yi shekara 40 yana tufkar igiya da saƙar tabarmar kaba, yana hira yana saƙa, ko a duhu ba ya ɓata layi. Tambayata ta farko ita ce, tunda ido yana gani kuma hannu yana da ƙarfi, mene ne ya yanke a tsakaninsu? Ta biyu kuma ita ce wadda ta raba kan gidanmu: iyayenmu mata sun ce a riƙa ba shi abinci a baki, ni kuwa zuciyata tana gaya mini a bar shi ya yi fama da ludayin nan da kansa.

Ɗalibar Likitanci, daga Kano:

Wa alaikumus salam, Yaya Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Hukunci a kan halin da yake ciki na likitan da ke duba shi ne, amma abin da ka siffanta ya yi daidai da wani darasi da ya sauya mini tunani, don haka bari in yi bayaninsa gwargwadon iko.

Mun saba ɗauka cewa ido yana gani tukuna, ƙwaƙwalwa ta yi shawara, sannan hannu ya aikata, kamar yadda ake miƙa saƙo daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Ba haka abin yake tafiya ba. A cikin tsokoki da gaɓoɓi akwai ƙananan jijiyoyi da ba su da wani aiki sai sanar da ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take da yadda take motsi. Da su ne mutum yake kai loma bakinsa cikin duhu ba tare da ya kai ta hanci ba. Hausa ta riga ta ba mu kalmar, domin mun ce "ji" ga sauti, ga ƙamshi, ga ɗanɗano, ga zafi da nauyi, har muka ce jiki ya fi kunne ji. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Wilder Penfield, ya wallafa a 1937 taswirar da ta nuna cewa a ƙwaƙwalwa yankin da ke ba da umarnin motsi da yankin da ke karɓar jin jiki maƙwabtan juna ne, kwari ɗaya ne kawai ya raba su. Shi ya sa ciwo zai iya taɓa hanyar ji ya bar ƙarfin, ko ya taɓa ƙarfin ya bar ji. Akwai wani matashin mahauci ɗan Ingila da cuta ta lalata masa waɗannan jijiyoyin ji daga wuya zuwa ƙasa a 1971, yana da shekara 19. Tsokokinsa lafiya lau, amma da fari ko zama ya kasa yi. Daga baya ya koyi tafiya ta hanyar kallon ƙafafunsa, kuma idan aka kashe fitila sai ya faɗi. Abin da Baba yake yi na tsare hannunsa da ido irin wannan dabara ce: ido ne ya karɓi aikin da jijiyoyin hannu suka saba yi.

Maganar riƙon ludayi ma an bincika ta. A 1984 wasu masana a ƙasar Siwidin, Johansson da Westling, sun nuna cewa fatar kan yatsu ce take daidaita ƙarfin riƙo da santsin abin da aka riƙe. Da aka kashe wa mutane jin yatsu da allura, sai riƙon ya ɓaci, ko su matse abu fiye da kima ko ya zame musu.

Direban Mota, mai bin hanyar Gumel zuwa Kano:

Malama, na fahimci cewa hannu yana aika rahoto. To amma ni a kan sitiyari, wani lokaci hannuna yana kauce wa rami tun kafin in ankara cewa na gan shi. Idan sai rahoto ya je ya dawo, ta yaya aikin yake riga sanina?

Ɗalibar Likitanci:

Alhaji, ka taɓo zuciyar maganar. Rahoton ido yana ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ya gyara motsin hannu, kuma wannan jinkiri ne babba ga mai daka ko mai tuƙi. Saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta zama jiran rahoto. Duk lokacin da ta aika wa tsoka umarni, tana riƙe kwafin umarnin, ta yi amfani da shi ta kintaci abin da ido zai gani da abin da fata za ta ji, sannan ta gwada kintacen da rahoton da ya iso. Idan sun yi daidai, sai ta yi shiru. Idan sun saɓa, sai ta farka ta yi gyara, kuma daga wannan saɓanin ne take koyo.

Kowa a nan ya taɓa ɗaga buta yana zaton cike take, ashe babu ruwa, hannu ya tashi sama da sauri har mutum ya razana. Ba butar ce ta ja hannun ba, kintace ne ya riga ya zuba ƙarfin ɗaukar cikakkiyar buta. Ga wani gwaji da za ku iya yi yanzu: ku rufe ido ɗaya, ku ɗan tura gefen ɗayan a hankali ta kan fata. Za ku ga ɗakin ya motsa. Amma idonku yana tsalle daga wuri zuwa wuri wajen sau uku a kowane sakan, kuma ba ku taɓa ganin duniya tana rawa ba. Bambancin shi ne motsin da ƙwaƙwalwa ta umarta ta san da zuwansa ta cire shi daga lissafi, na yatsa kuwa ya zo mata ba sallama. Masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya kafa hujja da wannan tun a ƙarni na 19. A 1950 wasu Jamusawa biyu, von Holst da Mittelstaedt, sun juya kan wani nau'in ƙuda ta yadda idon dama ya koma hagu, sai ƙudan ya dinga kewaya wuri ɗaya ba tsayawa, domin duk gyaran da ya yi yana ƙara ɓata abin da yake gani. A shekarar kuma Roger Sperry a Amurka ya samu irin wannan sakamako da kifi.

Cakulkuli ma haka ne. Ba wanda yake iya yi wa kansa ya yi dariya. A Landan, Blakemore da Wolpert da Frith sun nuna a 1998 cewa ƙwaƙwalwa tana rage jin taɓin da mutum ya yi wa kansa, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya tana da hannu a wannan lissafi. Da aka sa na'ura a tsakani ta jinkirta taɓin da ɗan guntun sakan, sai mutane suka fara jin cakulkulin, saboda kintace ya daina haɗuwa da abin da ya faru. Wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta nauyin duka, amma a cikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ɗan Adam yake da su a ka, kimanin biliyan 69 a cikinta suke.

Direban Mota:

To yanzu na gane dalilin da ya sa fasinja yake jiri da amai a kwanar da ni ban ji komai ba. Ni na san zan karya kan mota, jikina ya shirya, shi kuwa kwanar afka masa take yi. Na gode, Malama.

Uwargida, daga ƙasar Taura:

Ɗana Malam, ina yi maka sannu da jinya. Na karanta bayanin 'yata ɗaliba, ban musa ko ɗaya ba, amma ku yara kuna maganar jijiya, mu kuwa muna duban mutuncin dattijo. Na yi jinyar maigidana shekara biyu da irin wannan ciwo, don haka ba labari nake ba ku ba. Mutumin da ya ciyar da gida tsawon rayuwarsa, a ce yau yana zubar da koko a gemunsa a gaban surukai da jikoki, wallahi wannan ya fi masa ciwon zafi. Maigidana ranar da miya ta zube masa a riga a gaban matar ɗansa, kwana biyu bai nemi abinci ba. Ban da haka, ku tuna da bakin mutanen gari. Da zarar maƙwabciya ta leƙo ta ga tsoho yana kokawa da ludayi, mata biyu suna zaune, kafin la'asar an baza cewa an wulaƙanta shi. Iyayenku mata ba lalaci ko jahilci ne ya sa suka ce a ba shi a baki ba. Hidimar da suka iya ke nan, kuma da ita suke nuna ƙauna. Kada ku zo da ilimin asibiti ku ƙwace musu ita ba tare da kun ba su wata a madadinta ba.

Mai Gashin Ƙashi, ma'aikacin wani asibiti a Jigawa:

Hajiya, maganarki dutse ce, kuma da ma'aikatan lafiya suna sauraren irinta da an rage yawan majinyatan da suke daina zuwa wajenmu. Amma ina roƙon ki ba ni dama in faɗi abin da nake gani kusan kowane mako. Ana kawo mana dattijo bayan shekara guda, hannunsa ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu sun dunƙule, kafaɗa ta sandare. Idan na bincika sai in tarar a watannin farko hannun yana ɗan motsi, amma da ya gwada ya kasa, ya ji kunya, sai aka ɗauke masa komai: a wanke masa fuska, a sa masa hula, a ba shi a baki. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta ajiye wuri ga gaɓar da ba a aiki da ita. Hannun da ba ya taɓa komai ba ya aika rahoto, inda babu rahoto babu abin da za a gwada da kintace, inda babu gwadawa babu gyara.

Wani masani a Amurka, Edward Taub, ya yi aiki da birai da aka yanke musu jijiyar ji ta hannu ɗaya aka bar ta motsi. Biran sun yi watsi da hannun kamar shanyayye, amma da aka ɗaure mai lafiyar sai suka koma amfani da shi. Wannan aiki ya jawo masa shari'a a kan cutar da dabbobi a 1981, kuma ni ma ba na jin daɗin yadda aka yi da biran, sai dai darasin ya shigo asibiti. A 2006 aka wallafa wani gwaji a Amurka da majinyata 222 waɗanda suka yi wata uku zuwa tara da shanyewar ɓarin jiki. An sa wa wasu safa a hannu mai lafiya mafi yawan yini, suna aikin hannu mai ciwo har awa shida a rana tsawon mako biyu, kuma bayan shekara guda sun fi sauran iya amfani da hannun. Ina jan kunne a nan: an zaɓi waɗanda suke iya ɗan ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu ne, kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikata aka yi. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaure hannun mahaifinsa na hagu, alhali da shi yake riƙe sanda.

Malam, ga shawarata. Ka raba cin abinci da atisaye. Abinci kada ya zama fagen jarrabawa, a taimaka masa ya ƙoshi, yana zaune a miƙe don kada ya ƙware. Atisayen kuma a yi shi a ɗakinsa, an saki labule, daga shi sai wanda ba ya jin kunyarsa. Kada kowa ya ja shi ta wannan hannu wajen tayar da shi, domin kafaɗar tana saurin gocewa. Maganin hawan jini kuma kada ya yanke ko da kwana ɗaya. Sauƙi ya fi sauri a wata uku zuwa shida na farko, don haka wata huɗun nan da kuke ciki lokaci ne mai tsada, ko da yake ƙofa ba ta rufewa bayansa.

Tela, daga Ɓaɓura:

Ni ina da ja a kan cewa sai an yi da hannu ake iyawa. Yaron shagona yana shekara guda yana kallona, yana guga yana sa maɓalli, ranar da ya hau keken ɗinki sai ka ga kamar ya taɓa yi. Kuma na taɓa jin an ce an gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa masu kama da madubi, waɗanda suke aiki idan kana kallon wani yana yin abu. Idan haka ne, me zai hana Baba ya zauna yana kallon masu saƙa har hannun ya tuna?

Ɗalibar Likitanci:

Abin da ka ji gaskiya ne, Malam Tela. A farkon shekarun 1990, a birnin Parma na Italiya, Giacomo Rizzolatti da abokan aikinsa sun tarar da ƙwayoyi a yankin motsi na ƙwaƙwalwar biri da suke aiki idan birin ya ɗauki abinci, suna kuma aiki idan ya ga mutum ya ɗauka. Sai dai an yi ta ɗora wa wannan bincike kayan da ya fi ƙarfinsa, har wasu suka ce shi ne asalin tausayi da harshe, kuma masana da yawa sun ƙi yarda da hakan. Wani bincike da aka yi a Landan a 2005 da ƙwararrun masu rawa ya nuna cewa yankin motsi ya fi amsawa idan mutum yana kallon salon da shi kansa ya ƙware a kai. Wato kallo ya fi amfanar wanda jikinsa ya riga ya san aikin. Kai da kanka, idan yaronka ya karkata ɗinki, ina jin kafin ka yi magana ƙafarka ta motsa kamar tana kan feda.

Gwajin da ya fi amsa tambayarka shi ne na Richard Held da Alan Hein a 1963. Sun reni 'ya'yan kyanwa a duhu, sannan suka riƙa fito da su bibbiyu cikin haske awa uku a rana. Ɗaya tana tafiya da ƙafarta, tana jan wani ƙarfe da ke ɗauke da 'yar'uwarta a cikin ɗan kwando, ta yadda duk inda ta juya ita ma ta kwandon ta juya. Abin da suka gani iri ɗaya ne. Amma da aka gwada su, mai tafiya tana miƙa ƙafa idan aka kusantar da ita bakin tebur, tana ƙifta ido idan abu ya nufo ta, tana kauce wa wuri mai zurfi, ta kwandon kuwa ba ta yin ko ɗaya. Idonta lafiya, sai dai ba ta taɓa haɗa abin da ta gani da abin da ta aikata ba. Da aka sake ta ta yi yawo cikin haske kwana biyu, sai ta kamo.

Mai Gashin Ƙashi:

Ƙanwata, a yi hattara da kwana biyun nan, kada Malam ya sa rai da shi. Jaririyar kyanwa ƙwaƙwalwarta lafiyayya ce tana tasowa, ta Baba kuwa ta dattijo ce mai tabo, kuma da watanni ake auna ci gabansa. Kallo yana da gurbi a wajenmu, mukan sa majinyaci ya kalli aikin sannan nan take ya gwada, amma kallon share fage ne kawai.

Ɗalibar Likitanci:

Na karɓi gyara, Yaya. Na kawo misalin don nuna hanyar da abin yake bi, ba don auna lokaci ba.

Tela:

Idan na yi adalci, yaron nan ba kallo kaɗai yake yi ba. Yana taka keke babu zare idan na fita salla, kuma allura ta sha sokinsa kafin ya daidaita. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wanda ya yi shekara yana kallo ya fi wanda aka kawo jiya saurin kamawa.

Alaramma, mai tsangaya a ƙasar Gumel:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da kuke faɗa da sunayen Turawa mun daɗe muna ganinsa a tsangaya, ko da yake ba mu san jijiyoyin ba. Ƙolo ba ya gane harafi da kyau sai ya riƙe alƙalami ya tsoma a tawada ya ja shi a allo da kansa. Nakan kama hannun yaro in ja da shi kwana kaɗan, amma idan na daɗe ina kamawa, rubutun nawa ne ba nasa ba, ranar da na saki sai ya tsaya. Hadda ma da baki ake yin ta, ana ɗaga murya kunne yana ji, kuma gardi yakan ce harshensa ne ya gaya masa ya yi tsallake kafin hankalinsa ya gano. Akwai kuma abin da ya daɗe yana ba ni mamaki: a filin idi, idan lasifikar nesa tana dawo mini da muryata a makare, sai karatun da na yi shekaru ina yi ya riƙa sarƙe mini.

Game da gidanku, Malam, idan abin da yake damun Baba shi ne cin abinci da hagu, ka kwantar masa da hankali, domin mai lalura yana da rangwame, babu laifi a kansa. Su kuma iyayenku mata a nuna musu cewa zama kusa da shi da haƙuri, ana kallon yana lalube ba a karɓe ba, hidima ce mai nauyi, wataƙila ta fi ba shi a baki wahala a zuciya.

Ɗalibar Likitanci:

Allah ya gafarta Malam, abin lasifikar nan an gwada shi tun 1950, lokacin da wani injiniya a Amurka, Bernard Lee, ya nuna cewa idan aka mayar wa mutum muryarsa a makare sai ya fara in'ina, kuma jinkirin kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ya fi rikitarwa. Baki yana magana, ƙwaƙwalwa tana jiran sautin a lokacin da ta kintata, sai ya zo a baya. Maganar allo kuwa, a 2012 an gwada yara 'yan shekara biyar a Jami'ar Indiana, aka ga waɗanda suka rubuta haruffa da hannunsu yankunan karatu na ƙwaƙwalwarsu sun fi amsawa idan sun sake ganin haruffan, fiye da waɗanda suka danna su a kwamfuta ko suka bi sawun ɗigo.

Uwargida:

Idan a ɗaki za a yi, an saki labule, to ban da ja. Amma ku sa uwargidansa ta zama ita ce mai zama da shi, ba kai ba, ɗana. Namiji ya fi iya kasawa a gaban matar da ta san shi tun ƙuruciya a kan ya kasa a gaban ɗan da ya haifa.

Malamin Firamare:

Jama'a, na dawo bayan kwana tara don in ba ku labarin inda aka kwana. Hajiya, shawararki muka bi, kuma ita ce ta buɗe ƙofar. Na karanta wa Inna bayanan nan ɗaya bayan ɗaya, ta yi shiru, sannan ta ce in kawo mata kaba. Yanzu kullum da hantsi, bayan ya karya, tana shiga ɗakinsa da akushi da ta zuba gero a ciki, ta binne ƙwayar wake da goro da ɗan dutse, shi kuma ya tura hannun dama ya lalubo, ya faɗi abin da ya kama kafin ya duba. Goro yana gane shi, wake kuwa har yanzu yana ce masa dutse. Idan ya duba ya ga ya yi kuskure, yakan sake rufe ido ya jujjuya ƙwayar a tsakanin yatsu na ɗan lokaci. Daga nan sai ta miƙa masa zaren kaba uku da ta jiƙa. Rana ta farko ya jefar da su ya juya wa bango fuska, Inna ta fito tana share ido, na ɗauka an gama ke nan. Washegari shi ya tambaya ina kabar. Jiya na leƙa ta jikin labule na ga ya danne bakin tufkar da babban yatsan ƙafa kamar yadda ya saba, idonsa a kan yatsunsa, ya tufka abin da bai kai tsawon tafin hannu ba, sako-sako, wani wuri ya warware. Abinci har yanzu ana taimaka masa, sai dai furar la'asar shi yake riƙe ludayin, Inna ta tallafi gwiwar hannun. Ranar Talata za mu koma asibiti, kuma zan nemi a haɗa mu da sashen gashin ƙashi.

Mai Gashin Ƙashi:

Madalla, Malam, a gaishe da Inna. Abu biyu za ku kiyaye tunda jin hannun bai cika ba. Gefen kaba yana yanka, kuma zai iya yankansa bai ji ba, don haka a riƙa duba tsakanin yatsu da tafin hannu bayan kowane zama. Koko da shayi kuma a gwada zafinsu da hagu kafin dama ta kusanci ƙwaryar. Ranar Talata ku tafi da guntun igiyar da ya tufka, ku nuna wa wanda zai duba shi, ku kuma ajiye ta don a gwada da wadda zai yi nan da wata guda.